Shata da Kalangun Mahauta

Mu da muka tashi a tsakiyar ƙasar Katsina, daga Ƙofa da Kusada zuwa Kankiya, Ingawa da Musawa, muna da wata 'yar gadara da ba kowa ya san da ita ba: Mamman Shata ya taɓa zama kansila a ƙaramar hukumarmu. A shekarun 1970 aka yi haka, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuma kafin a yayyanka tsohuwar Ƙaramar Hukumar Kankiya a fitar da wasu daga cikinta. Ya tsaya zaɓe, ya ci. Mutumin da manyan attajiran Kano ke shakkar bakinsa ya zo ya zauna a kujerar da ake maganar rijiya da rumfunan kasuwa.

Yau idan an ambace shi sai a ce Marigayi Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina, a bi da addu'a, kuma ya cancanta. Sai dai wannan doguwar rigar girmamawa da muka sa masa ta rufe mana wani abu. Yaron da ke sauraronsa a waya yanzu yana ɗaukarsa dattijon al'ada, irin wanda ake kawowa a jarrabawar Hausa. A lokacin da ya fara kuwa, abin kunya ne a gidansu, kuma kiɗan da ya zaɓa shi ne na can ƙasan tsani.

Sai mun koma ga yadda kiɗa yake a ƙasar Hausa ta wancan zamani kafin mu gane girman abin da ya yi. Kowace ganga da ubangidanta. Tambari na sarki ne, ba a buga wa talaka shi. Taushi da kotso da jauje na fada ne, masu su kuma bayin waƙar gida ɗaya ne. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Amadu. Salihu Jankiɗi ya ƙare a fadar Sarkin Musulmi. A nan gida muna da Sarkin Taushin Katsina, wanda sunan sarautarsa ma ya gaya maka ko na wane ne. Irin waɗannan makaɗa galibi gado suke yi, ko su yi shekaru suna amshi a bayan wani kafin a ji muryarsu su kaɗai. Manoma suna da gangar noma. Maƙera suna da dundufa. Kalangu kuwa na mahauta ne. Shi ake bugawa a sanar da gari cewa an yanka sa, shi ake yi wa 'yan dambe, waɗanda su ma asalinsu 'ya'yan mahauta ne, shi kuma ake kaɗa wa 'yan mata a dandali da dare. Baturen nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a ƙarshen shekarun 1940, da ya zo jera darajar sana'o'in Hausawa, makaɗa da mahauta ya sa a rukunin ƙarshe. Wato mai kalangu ya haɗa biyun, ga roƙo ga fawa.

An haifi Mamman a Musawa a 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa Lariya, Bafulatana daga Tofa ta ƙasar Kano. Babu makaɗi a gidan, babu maroƙi. Ga ɗan Fulani a wancan lokaci, a ce ya buɗe baki yana yabon wani don a ba shi kuɗi, ai ƙasƙanci ne da ya shafi dangi duka. Uban ya ƙi, ya kuma nuna ƙin. An kai yaron makarantar allo, an ɗora shi a kan tallar goro, daga baya ya yi tallar alewa.

Daga tallar goron ne sunan ya fito. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, in ya sayar da goro sai ya rabar da kuɗin ga waɗanda ya haɗu da su a kasuwa ko a hanya, ya dawo gida hannu rabbana. In an tambaye shi sai ya ce ya yi shata da su. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya riƙa ce masa Mai Shata, sunan ya bi shi har kabari. Muna ganin wannan labari ya fi ƙarfin abin dariya. Wanda zai yi rayuwarsa yana karɓar kyautar doki da mota daga hannun masu kuɗi, tun yana yaro kuɗi ba su riƙe shi ba. Maroƙin da kuɗi ba su riƙe shi ba kuwa, wuyar sarrafawa gare shi.

A dandalin Musawa ya fara waƙa, cikin samari da 'yan mata, a wasannin dare irin su asauwara. Ba da niyyar sana'a ya fara ba, ƙuruciya ce. Amma ya fi kowa, har aka fara zuwa daga ƙauyukan kewaye don a ji shi. Makaɗan da ke dandalin masu kalangu ne, don haka da kalangu muryarsa ta saba. Da ya girma ya sami suna, yana da damar ya sauya kayan kiɗa ya ɗauki wanda ya fi daraja a idon fada. Bai sauya ba. Sama da shekara hamsin yana waƙa, kalangun dandalin nan ne a bayansa.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda wani ɗan sarautar Musawa mai suna Abdullahi Inde yake aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa. Shi ne ubangidansa na farko da ya riƙe shi. A Bakori ya yi auren fari, daga can kuma ya riƙa fita yawon waƙa zuwa Katsina, Zariya, Kano da sauran garuruwa. Ya kamata mu lura da irin wuraren da ya bi. Bakori da Funtuwa ƙasar auduga ce, ga layin dogo, ga 'yan kwadago, ga direbobi, ga ma'aikatan kamfanonin Turawa, ga mata masu zaman kansu. Sabbin mutane ne masu sabbin kuɗi, waɗanda ba su da kakan da za a jero sunansa a waƙar taushi. Suna son a waƙe su, makaɗan fada kuma ba nasu ba ne. Shata ya zama nasu.

A 1952 aka yi bikin da Kanawa ke kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan gidan sarautar Kano su goma sha biyu a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga nan tauraronsa ya fito sosai. Kalangun mahauta ya shiga bikin gidan Dabo. Wanda bai san tsarin da muka faɗa a sama ba zai ɗauka ƙaramin abu ne.

A nan muna so mu ɗan daɗe, domin akwai mutanen da tarihin Shata ya saba tsallakewa. Mukan ce Makaɗa Shata, kamar yadda Hausa ke kiran kowane mawaƙin baka makaɗi, amma shi hannunsa sake yake in ya tsaya waƙa. Kiɗan yana hannun wasu. Kalangu ice ne da aka fafe, mai siririn ƙugu, da fata a baki biyu, da tsarkiya da ta haɗa fatun. Makaɗi yana saƙale shi a hammata. In ya matse tsarkiya, fata ta ɗaure, sauti ya hau. In ya saki, sauti ya sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu yake iya faɗin magana, har wanda ya san taken mutum ya ji an kira shi ba tare da an buɗe baki ba. A gefen manyan kalangai akwai ƙaramin kuntuku mai tsinin murya, wanda ke riƙe gudun kiɗan.

To, ga yadda waƙar Shata take tafiya. Ba ya zama ya tsara ta a gida, ba ya yin gwaji da yaransa kamar yadda makaɗan fada ke yi, inda ake haddace ɗiyan waƙa a riƙa karɓeɓeniya da ƙari. Shi nan take yake yi. Zai ba da layi guda, shi ne amshi. Makaɗan, waɗanda su ne kuma 'yan amshi, su cafke layin da baki, su mayar da hawa da saukarsa cikin kalangu, su kafa shi daram. Daga nan sai ya hau kai ya yi ta zuba, ya yi nisa, ya shiga labari, ya yi habaici, ya kira sunan wani da ya hango a cikin taro, su kuwa suna nan a kan layin nan ɗaya, suna jiran inda zai sauke numfashi su shigo. Babu takarda, babu alama sai ta ido da kunne. In makaɗi ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya, waƙar ta karye a gaban sarki.

Ku gwada wannan da kanku. Ku kunna kowace waƙarsa da kuka sani, ku kawar da hankalinku daga muryarsa, ku bi kalangun kawai. Za ku ji amshin yana fita daga cikin fata kafin bakuna su faɗe shi. Da yawa daga cikinmu da kiɗan muke gane waƙa tun Shata bai ce uffan ba. Wannan rabin waƙar aikin mutanen da ke tsaye a bayansa ne, amma mai gabatarwa a rediyo cewa yake yi ga waƙar Shata, kuma sunan mutum ɗaya ne a bayan kaset. Haka al'adar take, ba Shata ya ƙirƙiro ta ba, shi yakan ma ambaci yaransa a cikin waƙa. Mu masu sauraro ne ba mu riƙe ba.

Saboda tsarin nan mai sauƙi ne ya iya yin waƙoƙin da shi kansa ya ce bai san adadinsu ba. Wanda ba ya bukatar mako guda na gwaji yana iya yi wa komai waƙa. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai irin su Haru Ɗanƙasim na Kano, ya yi wa direbobi da dogarai da mata masu tuwo. Ya yi wa sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya yi wa Dajin Rugu. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, da kalangun da ake tallar nama da shi. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryarsa har Nijar da Gana da Kamaru, faifan garmaho da kaset suka ƙarasa sauran. Daga 1960 ya zauna a Funtuwa, ita ce gidansa kusan shekara arba'in.

Akwai waƙoƙin da masu yi masa ta'aziyya a kowace shekara ba su cika son ambata ba. «A Sha Ruwa» tana nan, kuma kowa ya san ruwan da ake nufi ba na randa ba ne. Ya yi ta a cikin al'ummar da malamai ke da ƙarfin faɗa a ji, bai ɓoye ba, bai kuma ɓoye irin rayuwar da yake yi a lokacin ba. Bakin da ya yi ta shi ne ya yi waƙar tsayuwa ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wadda tsofaffinmu ke ji su yi shiru. Mutane suna so su zaɓi ɗaya su ce shi ne Shata na gaskiya. Mu dai duka biyun muka gada. Ga kuma zambo. «Gagarabadau» ta nuna abin da zai iya yi wa mutum in ya juya masa baya, kuma tsoron irin wannan yana cikin dalilan da suka sa wasu ke yi masa kyauta. Ba za mu wanke shi a nan ba: zambo makami ne, yana kuma sāmun wanda bai da bakin ramawa. A «Bakandamiya» kuwa kansa ya waƙe, ya jera kirarinsa, ya ƙalubalanci duk mai ji da kansa a waƙa. Maroƙi, wanda aikinsa shi ne ya ɗaga wani, ya tsaya ya ɗaga kansa a bainar jama'a.

Wani abu ya faru a ƙasashen Turawa a daidai shekarun da Shata ke kansila, wanda zai taimaka mana mu auna shi. A tsakiyar shekarun 1970, a Niyok da Landan, wasu samari da ba su yi makarantar kiɗa ba suka ɗauki jita da ganguna suka fara wani kiɗa mai sauri da hayaniya da rashin kunya, wanda aka kira pank. Hujjarsu ita ce ba sai ka gada ko ka ƙware ba kafin ka buɗe baki. A ƙungiyar Ramones ta Niyok, mai gangunan, Tommy Ramone, da farko manajansu ne. Da aka rasa wanda zai buga irin kiɗan da suke so, sai ya zauna a kan gangunan da kansa, ya kuma rubuta musu waƙoƙi. A Ingila, ƙungiyar Sex Pistols ta yi wa Sarauniya zambo a 1977, BBC ta hana sa waƙar. Kamfanin EMI, wanda ya kore su a farkon shekarar nan saboda rashin ɗa'a, shi ne kuma ya buga fayafayan Shata a nan Nijeriya.

Kamannin a fili suke: rashin gado, kayan kiɗan da manya suka raina, layi ɗaya da ake ta maimaitawa, da bakin da ba ya shakkar kowa. Amma kada mu ja kwatancen ya wuce inda ya tsaya. Samarin can sun tsani masu mulki da masu kuɗi, ko aƙalla haka suka ce. Shata ya yabi masu mulki da masu kuɗi, ya hau motocinsu. Tawayensa a wani wuri yake. Makaɗin fada ba ya zaɓen wanda zai yi wa waƙa, an haife shi ne ya tarar da ubangida. Shata shi ke zaɓe. Yau yana gidan sarki, gobe yana gidan ɗan kasuwar da sarkin ba ya shiri da shi, jibi yana wasa a otal. Yana iya ba ka waƙa, yana iya hana ka, yana iya karɓe wadda ya ba ka ya mayar da ita zambo. A ƙasar da kowa ke da ubangida, wannan ba ƙaramin tsaurin ido ba ne. Yawancin ƙungiyoyin pank ɗin kuma 'yan shekaru suka yi suka watse. Shi ya yi fiye da rabin ƙarni a haka.

Siyasarsa ma haka take, ba ta zama a layi ɗaya. Masu ba shi kyauta galibi 'yan ɓangaren sarauta ne, amma zuciyarsa ta fi karkata ga ɓangaren talakawa, irin ra'ayin da NEPU ta su Malam Aminu Kano ta zo da shi. Bayan kansilan Kankiya, a Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN mai mulki. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, sannan aka tsige shi bayan ya sami saɓani da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a Katsina. Wanda ya san halin mutumin ba zai yi mamaki ba. Jam'iyya tana son mai bin umarni, shi kuwa ko mahaifinsa bai samu haka daga gare shi ba.

Girmamawar ta zo daga baya, kuma daga inda ba a zata ba. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma a kan Shata ya rubuta kundin. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan Dokta ya shiga sunansa. Bayan rasuwarsa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, «Shata Ikon Allah!», a 2006. Duk wanda ke son cikakken labarin, can zai nufa.

Abin da ya rage mana a nan gida shi ne tambayar kalangun kansa. A bukukuwanmu na yanzu, daga Ƙofa har cikin Kankiya, mai kwamfuta da lasifika ake kira. Mawaƙan zamani suna shiga situdiyo a Kano, a danna musu sautin kalangu daga cikin fiyano. Sautin yana kama, amma fiyano ba ta da hammata, ba ta matse tsarkiya, don haka ba ta faɗin sunan kowa. Masu kalangu na gaske suna nan, a wurin dambe, a ranar kasuwa, a bayan 'yan siyasa lokacin kamfe. In ɗan ɗayanmu ya ce zai bi su ya koya, amsar da zai samu a gida ba za ta yi nisa da wadda Ibrahim Yaro ya ba ɗansa ba, ko da kuwa waƙar Shata ce ke tashi a wayar uban a daidai lokacin.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, har aka kai shi Jidda neman magani. Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kai shi Funtuwa inda ya zauna ba. Daura aka kai shi, garin Sarki Muhammadu Bashar, wanda a cikin duk sarakunan da ya waƙe babu wanda ya shaƙu da shi kamarsa. Can aka yi masa salla, can aka rufe shi. Sarkin ya rayu shekara takwas bayansa, ya rasu a 2007. Allah ya jiƙansu da rahama.